Mai Gyaran Jingar Baiyang

Shekara talatin Dou Mang yana gyaran jingar da ta tare kogi daga ƙauyenmu Baiyang. Kwando a kafaɗa, laka har gwiwa, ya kan kara kunne a ƙasa ya ce nan ruwa na ci. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ko kwana lafiya. Ni da nake tuƙa kwalekwale, tsiya kawai nake masa: "Yaya Dou, yau me kogi ya raɗa maka?"

"Ya ce bakinki ya fi shi ambaliya."

Shekarar da abokan gaba suka sauka a fadamar da ke gefen ƙauyenmu, sai ga mashawarcin sarkin yaƙinmu, wani siriri mai suna Shen, da damin tsagin gora da aka rubuta hikimar magabata kan yaƙi a jikinsu. Ya rusuna wa Dou, ya zuba masa giyar gero, ya kira shi uban kogi.

"Baba, ina ne jingar ta fi rauni? Mu ƙarfafa ta."

Kai, zo ka ga Dou! Baki har kunne, ya ja shi har gindin wata bishiya ya nuna masa, har da ƙarin bayanin da ba a tambaye shi ba.

Washegari da hantsi sojoji suka zo. Fartanya Dou ya gani a hannunsu, ba kwanduna ba, nan ya gane. Ya zube a gaban Shen.

"Ranka ya daɗe, bari in sheƙa in gaya wa mutane su hau tudu. Matata na can!"

"In hayaƙin girki ya ɗauke a ƙauyen, maƙiya za su farga," in ji Shen, ko ɗaga murya bai yi ba. "Magabata sun koya mana, gwani ruwa yake sawa ya yi masa yaƙi. Ka yi haƙuri, baba."

Suka ɗaure shi a jikin bishiyar, suka sare jingar yana kallo. Ruwa ya cinye maƙiya, ya haɗa da ƙauyen. Ni ina ƙetare na kai fasinja. 'Ya'yana mata biyu suna gida suna surfe.

An buga tambura kwana uku. Wai nasara ce irin ta littafi, ba a rasa soja ko ɗaya ba. Tir! Mu dai ba sojoji ba ne, ba mu shiga bakin kowa ba.

Da ruwa ya janye, ƙasar ta yi kyau, aka raba wa sojoji gonaki suka kawo iyalansu. Aka nemi mai gyaran jinga, aka aika wa Dou. Wai kuma ya tafi! Na tare shi a mashigi da kwandonsa, tsoho tukuf, na tofar da yawu a gabansa.

"Ba ka da zuciya ne? Su za ka yi wa bauta?"

Bai iya kallona ba. Ya gyara igiyar kwandon.

"Ƙanwata, akwai yara a gangaren jingar."

Na ce masa nawa ma suna can, ƙarƙashin gonar wani.