Madubin da Nicanor Ya Karkata Mini

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokina kuma maƙwabcina Nicanor Silveira, a gidansa da ke bakin rafi, kan hanyar Tacuarembó. Yana ɗaure wayar shinge ya zauna ya huta, bai sake tashi ba. Na so in rubuta maka kalmomi masu sanyi, Nicanor, amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Duk makiyayin da ke wannan yanki ya taɓa kawo maka ƙaramar bindigarsa, irin wadda ake kira ashirin da biyu, ka ɗora mata madubin hange. Ba ka taɓa tura talaka ya sayi mai tsada ba. Cewa kake yi: "Dila kake nema a bayan garke, ba tauraro ba. Sayi mai ƙara girma sau huɗu, canjin ka sayi harsashi." Sai ka kafa gwangwani a kan gungume, ka harba, ka murɗa saiti, ka ɗauki kwanson harsashi ka ƙwanƙwasa jikin madubin. Samari suna dariya, suna cewa sallama kake yi wa na ciki. Kai kuwa ka san madubi mai araha cikinsa yana maƙalewa, sai an taɓa shi yake zama inda aka sa shi. Ladanka bai wuce a zauna a sha shayin mate tare da kai ba.

Ni na fi kowa cin moriyarka. Tun da matata ta rasu, ni kaɗai ne da 'yan tumakina. Hannuna ya soma rawa, 'yata Nélida kuma ta gaya mini daga Montevideo cewa ranar da na kasa kare garken, za ta sayar da shi ta mai da ni birni, ɗaki a saman bene. Na gaya maka. Ka karɓi bindigata, ka sa ni na yi ta harbi kana tsaye a bayana kana kallon yatsana. Bayan kwana biyu ka dawo mini da ita. Daga ranar ban sake kuskuren dila ba. Har alfahari nake yi a shago, ina cewa tsufa bai taɓa idona ba. Kana zaune kana jina, kana kurɓar shayinka.

Makon da ka rasu bindigar tana wurinka, don ƙarfen da ke riƙe madubin ya saki. Ka ɗaure shi, ka jingine ta a bayan ƙofa.

Abin da ya faru ranar zaman makokinka shi ne ya hana ni barci. Walberto, ɗan ƙanwarka, wanda bai taka gidanka ba duk lokacin da ƙafarka ta kumbura, ya ga bindigar. Ana gasa nama a tsakar gida, ya ɗauke ta ya nufi gungumenka, maza suka bi shi. Ya harba, harsashi ya faɗi tafin hannu guda hagu da gwangwani. Ya sake, haka nan. Sai ya yi dariya, a gidanka, ƙasar kabarinka ba ta bushe ba, ya ce: "Ashe Kawu ya daɗe da makancewa! Wannan ai sai ka auna dila ka kashe akuyar maƙwabci." Wasu suka taya shi, har da waɗanda ka yi wa aiki shekara da shekaru ba ka karɓi ko peso ɗaya ba. Kafin in ja ƙafata in isa, ya buɗe murfin saitin yana murɗawa, ƙas, ƙas, ƙas. Ya harba, gwangwani ya yi sama. Ya miƙo mini ita ya ce: "Ga ta, Baba Eleuterio, na gyara maka kyauta."

Matarka Zulma ce ta fito daga ɗaki, ta dube shi ta ce: "Kai wa ya aike ka? Da gangan ya karkata ta. Eleuterio in ya ja kunama hannunsa dama yake fizga, shi ya sa ya kai saitin hagu. Ya ce kada in gaya masa." Walberto ya ce zai mayar. Ya mayar ina? Bai ƙirga abin da ya murɗa ba, kuma wanda ya san girman rawar hannuna yana ƙarƙashin ƙasa.

Ina fushi da yaron nan, ina fushi da masu dariya. Kai ma, Nicanor, ina fushi da kai. Ka bar ni ina cika baki a gaban jama'a da abin da ba nawa ba, ka tafi ba ka ba ni damar in ce na gode ba.

Tumaki suna haihuwa yanzu. Na gwada aunawa hagu da kaina, hannun bai san iyakarsa ba. Dila ya ɗauki 'ya'ya biyu ina kallonsa cikin madubi sarai, na harba, ko gudu bai yi ba. Nélida ta ji labari. Ranar Lahadi za ta zo da mai motar da zai kwashe garken.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, har da wannan ƙaryar da ka yi mini don ka rufa mini asiri. Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zulma da 'ya'yanku, Allah ya ba ku haƙuri. Walberto ma ina yi masa ta'aziyya, don har yau bai san irin mutumin da ya rasa ba. Bindigar na bar wa Zulma. A birni babu dila, kuma babu mai karkata mini komai.