Sahu a Kan Hanyar Masu Keke

Har yau ban manta da Asabar ɗin da na tare keke da jikina a kan tudun da ke gabashin Manchester ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ya kamata ku ji yadda aka yi.

A lokacin ni jagoran tattaki ne a wani shirin lafiya na ƙaramar hukuma, wato council. Likitocin unguwa, wato GP, kan turo mana masu ciwon suga da hawan jini, mu kai su tuddan ciyawa su motsa jiki. Ƙa'ida ita ce jagora biyu, ɗaya gaba, ɗaya baya. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka sallami abokin aikina, na rage ni kaɗai.

Ranar na ɗauko dattawanmu na unguwannin Cheetham Hill da Levenshulme. Hanyar da muka bi ta kowa ce: masu ƙafa, masu doki, masu keke. An kwana ana ruwa, ciyawa duk taɓo da kashin tumaki. Na ga wasu masu keke suna tura kekunansu zuwa ƙololuwa, na san nan ba da jimawa ba za su gangaro a guje.

Ciwon gwiwar ɗaya daga cikinsu, Hajiya Talatu, ya motsa, sai na tsaya baya ina taimaka mata. Na ce wa sauran su jira ni a gindin wata katangar dutse da ke gaba. Da na iso, na tarar Alhaji Sabo, tsohon akanta, ya ga Azahar na neman kuɓucewa, ya ja su sallah. Sun nemi busasshen wuri mai tsabta, babu sai tsakuwar hanyar kanta. Sun yi sahu sun cike ta daga gefe zuwa gefe, alƙibla kuma ta fuskantar da su daidai kwanar da katanga ta rufe. Mai gangarowa ba zai gan su ba sai ya zo kansu.

Sai na ji ƙarar tayoyi daga sama.

Na san ko na yi ihu, babu wanda zai yanke sallarsa cikinsu. Hanyar zuwa kwanar ɗaya ce, ta gaban liman. Tun ina yaro ban taɓa gifta mai sallah ba, ƙafata ta ɗan ƙi. Suna tafiya ruku'u na kutsa ta gefen sahu, na wuce ta gaban Alhaji Sabo, na haura da gudu ina kaɗa jar rigar aikina.

Ta farkon masu keken mace ce. Ta damƙe birki, keken ya zame, tayar ta doke ni a ƙwauri, muka zube tare. Ta tashi tana zagina da Turanci, tana tambaya ko na haukace. Sai na nuna mata ƙasan hanyar. Dattawa na cikin sujada, kawunansu a kan tsakuwa, tazarar ba ta fi tsawon mota biyu ba. Ta hango su. Ta juya ta ɗaga hannu ta tsayar da abokanta, suka tsaya riƙe da kekuna har aka sallame.

Alhaji Sabo ya taso fuska a murtuke.

"Malam Nura, kai da muke gani da ilimi, ka gifta mana?"

"Na gifta, Alhaji. Zo ka ga."

Na nuna masa inda tayar ta kwashe tsakuwa. Ya dubi wurin, ya waiwaya ya dubi inda goshinsa yake ɗazu. Ya cire hularsa.

"Innalillahi. To ai ni na ga wurin a share ne."

Ranar Litinin na kai wa shugabata rahoto, na roƙi a mayar mana da jagora na biyu. Ta ce ta fahimta ƙwarai, amma babu kuɗi.

A horon da aka ba mu an koya mana inda za a sha ruwa da inda za a kama ruwa, ba wanda ya ambaci sallah. Mutanenmu kuwa za su yi ta duk inda lokaci ya riske su, kuma ba za su waiwaya ba. Saboda haka idan za ku duba hanya kafin ranar tattaki, ku fara neman inda za a yi sahu, nesa da kwana. In ba ku zaɓa musu ba, su za su zaɓa, kuma tsabtar ƙasa kawai za su duba.