Iliya Yashim da Daɓen Bakin Kogi

Idan ruwa ya fara janyewa daga fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Auyo, za ka ga wani dattijo ya jingine babur a bakin hanya, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga taɓo. Ba masunci ba ne, ba shi kuma da gonar shinkafa. Wuri ɗaya yake tsugunawa kullum, ya danna babban yatsa cikin laka, ya duba, ya koma gida. Ranar da lakar ta daina manne masa, ranar aiki ya tashi. Shekara goma sha takwas ke nan yana haka, kuma bana saura kaɗan aikin ya mutu a hannunsa.

Iliya Yashim ke nan. Mahaifinsa malamin firamare ne daga kudancin Kaduna, aiki ya kawo shi Haɗeja, a nan aka binne cibiyar Iliya. A makarantar kwana ya koyi kurket, wasan da ɗaya ke jifa da ƙwallo mai tauri don ya kayar da sanduna uku da aka kafa, wani kuma ya tsaya da katako yana kare su. Yawancin 'yan wasa abu guda suka iya, ko jifa ko bugu. Iliya ya haɗa biyun, shi ya sa wani ƙaramin kulob a arewacin Ingila ya ɗauke shi. Shekara tara yana tafiya a Afrilu, ya dawo a ƙarshen Satumba. Asabar ya yi wasa, sauran ranaku ya yanke ciyawa, ya gyara fili, ya koyar da yaran ƙauyen.

Mu a nan duk mun ɗauka ƙwallon ƙafa ce. Ina zaune a teburin Shu'ibu mai shayi ranar da Shu'ibun ya tare shi.

"Kai Iliya, kullum muna gidan kallo, ko ƙeyarka ba mu taɓa gani ba. Ko a benci suke ajiye ka?"

"Namu da fararen kaya ake yi, Shu'ibu. Har tsayawa muke a tsakiyar wasa mu sha shayi."

"To me ka tsaya jira? Kai ni, ai ni ya kamata su ɗauka!"

Shekararsa ta ƙarshe, kulob ɗin na gab da faɗawa rukunin ƙasa. Kafaɗarsa ta dama na ciwo, ya ɓoye, ya yi jifa har aka tashi. Kulob ya tsira, kafaɗa ba ta tsira ba. Sai da na yi shekaru ina zama kusa da shi kafin ya ba ni wannan labari, shi ma a taƙaice.

Da ya dawo gaba ɗaya, ya ce sai yaran Haɗeja sun san wasan. Matsalar ita ce fili. Kurket na buƙatar wani tsiri mai tsawon yadi ashirin da biyu, mai tauri da santsi. Iliya ya cika duro da siminti, ya yi ta gungurawa a kan lakar fadama yadda ya ga ana yi a can. Rana ta buga, fili ya tsattsage kamar faso. Jifan farko, ƙwallo ta yi tsalle ta fasa wa wani saurayi leɓe.

Wata tsohuwa mai suna 'Yar'azumi ta zo wucewa da ƙwaryar kifi a ka. Ita ce a da ke jagorantar mata idan za a yi daɓen ɗaki, kafin siminti ya kashe musu kasuwa. Ta tsaya ta ƙare wa filin kallo.

"Ɗan Malam, wannan kaftu ne ko me?"

"Filin wasa ne, Iya."

"Duk zamanka a Turai, ba wanda ya koya maka daɓe?"

Washegari ta zo da mata goma sha biyu, kowace da madaɓinta, da tuluna cike da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. Sun yi gardama a kan tsakuwa: ita ta ce daɓe ba tsakuwa shirme ne, shi ya ce tsakuwa za ta cinye ƙwallo. Ta bar masa. Kwana uku suna durƙushe, suna yayyafi suna duka suna waƙa. Wanda ya ji amon madaɓan nan a bakin kogi da hantsi ba zai manta ba. Filin ya fito sumul, ko allura ba za ta shige shi ba.

Kowace damina kogi ya haɗiye filin, kowace kaka su sake daɓe shi. Amma mata goma sha biyu sun koma huɗu. Bana 'Yar'azumi ta ce gwiwa ta ƙi, sai dai ta zauna a kujera ta ba da umarni. Iliya ya tara samarin da ya koya wa wasa, ya ce su karɓi madaɓi. Suka yi ta kallon juna. Misbahu, wanda ya fi su iya bugu, ya ce, "Baba Iliya, a gaskiya wannan aikin mata ne. Za a yi mana dariya a gari."

Da safe aka ga Iliya durƙushe tsakanin tsofaffin nan, madaɓi a hannun hagu, na dama rataye a ƙirji. 'Yar'azumi ba ta raga masa ba.

"Ɗan Malam, duka ake, ba shafa ba!"

Samari na tsaye a kan gaɓa. Misbahu ya fara saukowa, ya karɓi madaɓin daga hannunsa ba tare da ya ɗaga kai ba. Kafin rana ta yi tsaka, su goma sha tara ne a durƙushe, tsohuwa na yi musu baiti tana zagin wanda ya saɓa kiɗa.

A wannan watan Iliya ya ajiye koyarwa. Iliya, kai ne mai hannu biyu da ya bar ɗaya a ƙasar wasu, ya dawo ya yi mana aiki da ragowar. Kai ne ka je nesa ka koyo, ba ka ji kunyar wata tsohuwa ta gyara maka a gida ba. Mun gode, Iliya. Allah ya ba kafaɗar nan sauƙi, ya ƙara wa Iya 'Yar'azumi lafiya.

Ku kuma da kuka iya wani abu, kada ku tsaya a bakin faɗa. Ku durƙusa ku yi a gaban yara, ko da hannu ɗaya ne. Badi in kogi ya janye, samari goma sha tara sun san yawan makubar da ake zubawa.