Ranar da Kaka ta Shiga Sini

Shekaranjiya da la'asar ina dawowa daga kasuwar Nima a nan Gana, sai na ji wani gurnani da na yi shekaru ban ji irinsa ba. Ka san ƙugin nan da lasifika take yi idan an kunna ta kafin a ce komai? To shi ne. Daga cikin tsohon gidan siniman unguwarmu yake fitowa, wanda yanzu ake gyarawa za a mai da shi zauren biki, ma'aikata ne suke gwada kayan sauti. Na tsaya a bakin kwata da ledar albasa a hannu na kasa gaba na kasa baya, har wani mai baro ya ce mini, "Alhaji, ba ni hanya mana."

Mu a Zango ba ma cewa sinima, sini muke cewa. Gidanmu kuwa bango ɗaya ne ya raba shi da sini. Ba wani gini ba ne na a zo a gani: katanga huɗu dogaye, ba rufi, daɓen siminti, bencina a jere, sai farin bango a can ƙarshe inda hoto yake fitowa. Ɗakin kakata, wadda duk gida muke kira Kaka, shi ne a jikin katangar. Mijinta kuwa, wato kakana, kowa Malam yake ce masa har 'ya'yan cikinsa, domin shi ne limamin ɗan masallacin lungunmu. Duk wanda ya tashi a gidan nan ya shiga sini, mu jikoki har mun san bencin da ƙusa take yaga wando. Mutum biyu ne kawai ba su taɓa shiga ba. Malam bai shiga ba saboda ya rantse, Kaka kuma ba ta shiga ba saboda Malam ya rantse, alhali ba wanda ya kai ta son shiga.

Tun kafin a haife ni aka yi rantsuwar. Yadda aka ba ni labari, babana yana saurayi ya tsallake karatu ya shige sini, aka zo aka tsegunta wa Malam. Ya taso da carbinsa har bakin ƙofa, mutane suka dare, mai gadi ya ce ya shiga ya fito da ɗansa. Malam ya dubi hotunan da aka liƙa a ƙofar, matan Indiya da cibiya a waje, ya ce, "Wallahi ƙafata ba za ta taka cikin gidan nan ba." A gaban rabin unguwa ya faɗa. Ya tsaya a waje har aka tashi, babana ya fito ya tarar da shi, sauran labarin kuma babana ba ya son a tayar.

Duk da haka maƙwabci ba ya wuce maƙwabcinsa, sai da aka yi sulhu. Mai sini ya yarda ba za a kunna inji ba sai an sallame isha'i a masallacinmu. Mai gadi, wani dogon mutum daga arewacin Gana, shi yake tsayawa a bakin lungu yana kasa kunne, da ya ji sallama sai ya ɗaga hannu a kunna. Ranar da Malam ya tashi da fushi, sai ya ɗauko doguwar sura ya bi ta a hankali yana jan kowane harafi, samari cike da benci a can suna tsaki. Da yawansu ma ba Musulmi ba ne, Ankarawa ne 'yan asalin garin, amma duk sun san Malam da halinsa, daga jin surar farko sukan ce yau akwai jira.

Lokacin da ake kunna injin, lokacin ne Kaka take tace kullun koko. Sana'arta ke nan, koko da ƙosai kowace safiya a bakin titi. Takan jawo kujerarta 'yar tsugunno ta jingina da katangar, ga babbar roba a gabanta, ga ƙanshin citta da kanumfari da gero mai tsami ya cika tsakar gida. Hannunta yana aiki, kunnenta yana sini. Ba ta jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma takan ce, "Uwar ce take kuka, an raba ta da ɗanta." Can an jima ta ce, "Ga mugun nan ya zo, ji dariyarsa." Idan aka fara dambe, samari suna ihu tare da kowane naushi, sai ta dakata da tacewa ta jira ta ji wa ya faɗi. Da safe masu sayen koko da suka kalli fim ɗin da idonsu sukan ce mata ba haka aka yi ba, ita kuwa ko a jikinta. "Ku da kuka shiga, kuna jin yaren ne? Ido kawai kuka fi ni."

Idon ne kuwa yake damunta. Gwaggona, autar Kaka, ita ce mai kawo mata abin da kunne ba ya ji. Da ta dawo sai tambaya: wane launi ne zanen yarinyar, gashin nata har ina ya sauka, da gaske dutsen da suke waƙa a kai fari ne fat kamar an zuba masa gari? Gwaggo ta yi ta kwatance da hannu har ta gaji. Kaka ta girgiza kai ta ce ita dai abu ɗaya take so a duniya bayan aikin hajji, ta ga yadda mutum yake zama ƙato a jikin bango yana motsi, sau ɗaya tak. Malam bai taɓa buɗe baki ya hana ta ba, wannan gaskiya ne. Amma matar liman ce, kuma unguwar da ta ji rantsuwar ita ce za ta ga matarsa a layin tikiti.

Ina ɗan makarantar sakandare gidajen bidiyo suka cika lunguna. Kowane mai ɗaki da falo ya sa labule a ƙofa ya ajiye akwatin talabijin, jama'a suka watse can. Ihun sini ya ragu har Kaka tana iya jin tarin mutum ɗaya. Wata safiya mai gadi ya zo sayen koko, ya tsuguna ya ce wa Kaka da irin Hausarsa, "Mma, sini zai mutu fa. Wannan sati kawai ya rage, bayan nan babu kraa," wato babu ko kaɗan.

Gwaggo ta tasa Kaka gaba. Ta ce ta yafa babban mayafi, su shiga bayan an fara, su fito kafin a tashi, ba wanda zai gane ta. Kaka ta ce ita ba ɓarauniya ba ce, idan za ta shiga da izinin mijinta za ta shiga. Ranar ƙarshe, bayan magariba, ta yi wanka ta ɗaura zanenta na zuwa biki, ta sa kwalli, ta shafa turare. Ina zaure kusa da Malam ta shigo ta durƙusa.

"Malam, an ce yau maƙwabtan nan za su rufe. Ina so in leƙa sau ɗaya."

Bai ɗago daga littafin da yake dubawa ba. Ya ce, "Ni ban hana ki ba."

Ta ɗan jima a durƙushe tana jiran ko akwai sauran magana. Babu. Ta ce, "To," ta tashi ta koma ciki, ta cire mayafinta ta ninke. Gwaggo ta bi ta tana cewa ai ya ce bai hana ba. Kaka ta ce, "Ke yarinya ce. Da ya yarda, je ki zai ce." Ta jawo kujerarta jikin katanga ta tace kullunta da zanen biki a jikinta. Na ji haushin Malam a ranar, haushin da ban taɓa jin irinsa ba, kuma ban iya kallon fuskar Kaka ba.

Daga nan katangar ta yi shiru. Abin dariya, surorin Malam na isha'i suka koma gajeru, tunda ba sauran wanda zai jira shi. Wani ɗan kasuwa ya kafa rumfa a ciki ya zuba buhunan shinkafa, ɓerayensa suka ƙaura gidanmu. Bayan shi wani coci ya kama haya, ranar Lahadi ganga da tafi, Kaka ta ce waɗannan aƙalla suna waƙa, sai dai labarinsu ba ya canzawa. Su ma suka tashi, aka kwashe bencina, aka sa kwaɗo. Mai gadi ya tsufa a bakin ƙofa yana gadin wurin da ba komai a ciki.

Kaka ta rasu da damina, ina da aure a lokacin. An kwana ana ruwa, babbar kwata ta cika ta tumbatsa, da gari ya waye filin gaban masallacinmu taɓo ne baƙi har idon sawu. Kuma ka san mu ba ma ajiye gawa, da an yi wanka an sa likkafani sai salla sai makabarta. Ga jama'a kamar daga ƙasa suke fitowa: 'yan dako, leburori, direbobin motocin haya, mutanen da ban taɓa gani ba. Ashe shekara da shekaru duk wanda ya tsaya gaban tukunyarta ba ko kwabo, sai ta cika masa kofi ta ɗora ƙosai ta ce ya je. Lungu ya cika har titi, ba inda za a ajiye makara balle a yi sahu. Sai mai gadi ya ratso da mabuɗi a hannu ya tsaya gaban Malam.

"Malam, wuri yana nan. Siminti ne, ruwa ya wuce duka. Mma ya ba ni koko shekara da yawa."

 Duk dattijon da yake tsaye a wurin ya san rantsuwar. Wani ya ce ko na'ibi ya shiga ya ja sallar, Malam ya jira a bakin ƙofa. Wani ya ce a yi a taɓon da mutanen da suka samu wuri. Malam ya tsufa sosai a lokacin, yana dogara sanda. Ya ce, "Matata ce, ni zan yi mata salla, kuma ba a cikin kwata ba. Babin rantsuwa ni na karantar da ku, na san hukuncinsa. Ku buɗe."

Muka ɗauki makarar a kafaɗa, ni ina gaba ta dama. Na ji ƙarar kwaɗon, na ji sandar Malam tana taɓa siminti a bayanmu. Ciyawa ta fito a tsagogin daɓe, gansakuka ta bi katanga, amma farin bangon yana nan, ya yi dushi-dushi. Aka duba gabas, sai ga shi kusan daidai da bangon ne, an ɗan karkata hagu kawai. Muka ajiye Kaka a gindinsa. Sahu ya jeru a inda bencina suke a da, kowa ya cire takalmi ya taka samansa, Malam ya tsaya a kanta ya yi kabbara huɗu. Da ya sallame bai juyo nan da nan ba. Ya dubi bangon daga ƙasa har sama, ya dubi katangar da ɗakinta yake bayanta, ya ce a hankali, ni da nake kusa na ji, "Ashe wannan ne kawai."

Bayan addu'ar uku ya yi kaffara. Miskinai goma aka kira aka ciyar, shinkafa da wake da ɗan nama, kafin la'asar an gama an wanke kwanoni. Ina kallon kwanonin nan a kife zuciyata ta yi zafi. Nauyin rantsuwar ke nan gaba ɗaya, abincin mutum goma, ita kuwa kowace safiya tana ciyar da fiye da haka ba tare da ta rantse wa kowa ba. Malam ya san wannan hukuncin tun ranar da ta durƙusa a zaure da kwalli a idonta. Ba na zargin imaninsa, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Amma na tabbata ba Allah yake jin tsoro ba a maganar sini, bakin unguwa yake tsoro, kuma ina jin shi ma ya gane haka a gaban bangon nan, domin har ya rasu bai ƙara rantsuwa a kan komai ba.

Yanzu an yi wa wurin rufi, an sa tayil da fankoki, an ce wata mai zuwa za a fara kamun amarya da walima a ciki. Ban ƙi ba, Zango yana buƙatar inda za a yi taro ba tare da an tare titi ba. Yaran yanzu kowa da fim ɗinsa a tafin hannu, ba mai neman izini, ba mai jiran a sallame isha'i, har tsofaffin mata suna kallo a wayar jikokinsu suna gyara tabarau. Idan na ba su labarin Kaka sukan yi dariya, sannan su tambaya ko dai ta taɓa shiga. Nakan ce ta shiga sau ɗaya, a kan kafaɗunmu, fuskarta a rufe, mijinta ne ya tsaya a kanta ya kalli bangon.