Ƙwaryar Iri ta Ƙarshe

Zamanin babanmu, a gonarmu ta Tozai, binne muke yi. A zuba iri a busasshiyar ƙasa a rufe, kafin mako ruwa ya zo ya tashe shi. Yanzu sama ta koyi ƙarya.

Shekarar da nake faɗi, ruwan farko ya sauka, muka shuka, gero ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus. Muka sake. Iska ta taso da rairayi ta yanke tsiron kamar da aska. Abin da ya rage na irin da tsoho ya bar mana, mai doguwar zangarniya, ƙwarya ɗaya ce tak.

Yayana shi ne babban gandu. Da hantsi na iske shi a gona, sungumi a ƙasa, ƙwaryar a hannu, zai binne.

Na ce, "Yaya, aje ƙwaryag ga. A jira ruwan ƙwarai."

Ya ce, "Kai mi ka sani? Boko ta kore ka, kabu-kabu ta kasa riƙe ka, yau noma za ka koya min?"

"In wanga ya ƙone, mi za mu shuka? Gemunka?"

Ya kwaɗa min mari, har na ji gishirin jini a baki. Na kama ƙwaryar, ya shaƙe ni, yana danna min babban yatsa a maƙogwaro. Ban san lokacin da na ɗauki sungumin ba. Ƙotar na sauke masa a hannu, sau biyu. Na ji ƙashi ya ce ƙas. Ya faɗi yana tsine min, ni kuma ina ta harbinsa da ƙafa a haƙarƙari, sai da maƙwabtan gona suka danne ni. Ƙwaryar ta fashe a ƙarƙashinmu, muka tattake irin cikin rairayi da jini.

Bayan kwana huɗu aka yi ruwa, mai yawa, ya kuma zauna. Da na bar shi ya binne, da mun ci.

Na tsallaka Ƙonni ta Nijar na sayo irin nan mai saurin nuna. Zangarniyarsa ko tsawon tafin hannu ba ta kai ba. Rumbu bai kai rabi ba, shi ma raba shi muka yi, muka raba gandun.

Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma hannun Yaya bai ƙara ɗaga hauya ba. Yanzu ni nake nome masa gonarsa. Yana zaune gindin aduwa yana kallona, ko sannu ba ya ce min.