Fuskar Gaspard a Kan Indararo

A shekarar 1958 na fara sanin Anselme Rouvray, lokacin da aka kawo shi ƙauyenmu gyaran tsohuwar majami'a. Mai sassaƙar dutse ne, gajere, ga tsokana. Bai daɗe da zuwa ba sanyi ya sauka, farar ƙasar gini ta daina kamawa, aiki ya tsaya. Gaspard mai gidan burodi da matarsa Léontine suka sauke shi a ɗakin da ke bayan tandar gasa burodi, ya yi ta shan miyar albasarsu har ƙanƙara ta narke.

Kafin a gama aikin Gaspard ya rasu. Ko hoto ɗaya bai bari ba, kuma Léontine ta ce kamanninsa sun fara ɓace mata.

Tun zamanin kakanni, indararon majami'a da kan dodo ake sassaƙa shi, ruwan sama na zuba ta bakinsa. Ranar da aka sauke katakon da magina ke hawa, muka ga indararon ɓangaren kasuwa da faffaɗan kunnuwa da karkataccen hanci. Kowa ya gane Gaspard.

Fada, limamin majami'ar, ya ɗaure fuska. "Anselme, wannan wane irin dodo ne?"

"Irin na garinku ne, Fada."

Léontine tana cikin kallo aka fara yayyafi. Ta yi dariya tana share ido. "Kai ja'iri, mutumin da bai taɓa sa ruwa a baki ba sai giyar inabi, shi ka mayar indararo?"

Anselme ya ci gaba da ɗaure kayan aikinsa.