Ɗana Bai Gudu Ba

Mu da muka zauna unguwar Karantina ta Jidda ba takarda, akwai karatun da muke fara koya wa yaro tun yana rarrafe: in ka ji jiniya, ka bi lungu. Ta 'yan sanda ce ko ta asibiti, duk ɗaya muke ɗaukarsu, don a ƙarshe sai an tambayi iƙama, wato takardar izinin zama. Haka na raini ɗana na fari. A Jidda na haife shi, amma a wurin hukuma baƙo ne kamar ni.

Da aka rushe unguwar muka koma Hindawiyya, ya samu aikin jan waya da haɗa sifika a wuraren rawa. Istiraha, wato gidan shaƙatawa, ake kamawa haya can bayan gari, gida mai doguwar katanga, samari da 'yan mata su cika, kiɗa kamar ana daka a turmin ƙarfe har rana ta fito. Ban so aikin ba, na kuma faɗa masa har bakina ya gaji. Shi ya ba ni labarin ƙwayar da suke haɗiya, ekstasi, 'yar mitsitsiya mai launin alewar yara. Wai in ta hau mutum kowa ɗan'uwansa ne, sai rungume-rungume da cizon haƙora, ba gajiya.

"Kai fa?" na ce.

"Wallah ya Ummi, ni waya kawai nake ja, bas."

Na ce Allah ya sa. Ban rantse a kansa ba, ɗan yau ne.

Wata Juma'a har hantsi bai dawo ba, sai ga abokin aikinsa a firgice. Ya ce gari ya waye ana kan rawa, wani yaro ɗan ƙasa ya yanke jiki ya faɗi, jiki zafi rau, haƙora a datse. Masu rungumar juna ɗazu, kowa ya nufi motarsa. Zumuncin ƙwaya ke nan, ko bakin ƙofa ba ya kaiwa. Abokin ya ja hannun ɗana ya ce yalla mu gudu, ɗana ya fizge. Ya kira motar asibiti da wayarsa, ya jawo yaron inuwa, ya cire masa riga yana ɗora masa ƙanƙara, ya zauna jira. Ya san sarai wa ke biyo bayan motar nan.

Ranar maƙwabta sun ji muryata. Sakarai, wa ya aike shi? Masu ƙasar ma sun gudu, sai kai mai zuciyar zinariya?

'Yan sanda sun tafi da ɗana, an gwada jininsa ba a sami komai ba. Takarda ce babu, aka wuce da shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Na yi ta jiran ya kira, na shirya masifata tsaf. Da wayar ta shigo, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Ummi, yaron ya tashi?"

Na ce abokinsa ya binciko, ya tashi, har yana cin abinci.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Alhamdulillah."

Masifar da na shirya, na rasa inda zan ajiye ta. Kuka na yi, ya koma shi ke ba ni haƙuri.

Yanzu yana Kano wajen ƙanena, garin da bai taɓa gani ba sai a waya, yaran unguwa suna yi wa Hausarsa dariya. Ba zan iya bin sa ba. In na fita babu dawowa, ga ƙannensa mata a gabana. Ina kewarsa, wani lokaci sai na zuba abinci da rabonsa sannan in tuna.

Matan layinmu suka taru suka zo mini jaje. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo shayi, na bari suka gama. Wata dattijuwa ta ce da ya bi taro ya gudu, da yanzu yana ɗakinsa.

Na ce, "Gaskiya ne, Hajiya. Da kuma wata uwar tana zaman makoki. Wurin cike yake da 'ya'yan mutane, ɗaya ne ya tsaya, kuma ni na haife shi. Ku yi mini barka."